Ɗana Malami, Ka Kai Su Bakin Lamurde

Ɗana malami, da kai nake yau, kai da aka damƙa wa ƴaƴan mutane a garin Jalingo, ko a firamare kake ko a sakandare, ko a Islamiyya kake karantarwa bayan la'asar, ko a makarantar Lahadi ta coci. Na riga ka riƙe alli, kuma akwai kuskuren da na daɗe ina tafkawa wanda ba na so ka gada.

Shekaru da dama na yi ina koyar da tsabtar ruwa yadda na same ta a littafi. In rubuta a allo, yara su kwafa, in yi tambaya su amsa baki ɗaya, a ci jarrabawa, kowa ya kama gabansa. Wata rana bayan an tashi na zagaya bayan aji, sai na tarar da yaron da ya fi kowa maki a wannan darasi tsugune a gindin katanga, taku kaɗan daga rijiyar da dukanmu muke sha. Na ɗaga bulala, sai jikina ya yi sanyi na sauke. Masan yara ya cika tun bara ba a yashe ba, namu na malamai kuwa da kwaɗo a rufe, makullin yana aljihuna. To ina zai je? Abin da na faɗa masa da baki ya rubuta a takarda, abin da makaranta ta nuna masa kullum shi ya bi.

Don haka kafin ka buɗe littafi, fara zagaya makarantarku. Ka duba inda yara ke kewayawa, ka duba ko ƴan mata suna da nasu daban, ka duba randar aji da moɗar da hannu arba'in ke tsomawa. In babu ruwa da sabulu a bakin masai, ko toka in sabulu ya gagara, to wannan maganar ka fara kai wa hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai. Za a ce babu kuɗi. Kullum babu kuɗi, amma ban taɓa ganin an fasa bikin yaye ɗalibai ba.

Sannan ka fitar da su waje. Garin nan Allah ya ba shi allo da ya fi naka faɗi. Ka kai su bakin kogin Lamurde da rani, lokacin da ruwa ya janye yashi ya bayyana, ko ku gangara kogin Mayo Gwoi. Kada ka yi dogon bayani; gani ya kori ji. Bari su ƙirga da kansu: ledar fiya wata da ta toshe magudana, mai wankin babur da kumfarsa, baƙin man da bakanike ya tuttular a kwata, mai feshi da ya zo ɗauraye tankinsa, ga shanu sun shiga sha, ga kuma can ƙasa kaɗan wata baiwar Allah ta tona yashi tana cika jarka. Sai ka tambaye su abu ɗaya: wannan ruwan, daga nan ina za shi? Su bi shi da tunani har Binuwai, su tuna akwai masunta da manoma a can da ba su san wanda ya zuba ba, amma su za su sha.

Akwai lissafin da nake so kowane ɗan aji shida ya iya. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masan ya kasance ta gangare. To filin gida da ake yankawa ƙafa 50 a ƙafa 100, tsawonsa gaba ɗaya kusan mita 30 ɗin ne. Tun da Jalingo ta zama babban birnin Taraba a 1991 gari yake cika, filaye suna tsukewa, har ka ga rijiyar wannan gida bango ɗaya ne tsakaninta da masan maƙwabci. Ƙasa kuwa ba ta san katanga ba. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, sai na rami ya gaisa da na rijiya. Waɗanda suka ga ambaliyar 2005, wadda ta karya gadar Nukkai, sun san abin da ruwa ke kwasowa in ya shiga unguwa: ba ya zaɓe, bola da masai da rijiya duk miya ɗaya yake yi da su. Ka ba yara igiya su auna a gidajensu, su zana taswirar layinsu, ina rijiya, ina rami, ina juji. Kada ka raina wannan aiki. A 1854 wani likita a Landan, John Snow, da taswirar gidajen da kwalara ta yi kisa ya nuna cewa famfo ɗaya ne tushen annobar unguwar, aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin ƙazanta ne kusa da rijiyar yake yoyo a ciki.

Kai kuma malamin Islamiyya, kana da gado a hannu. Tun a littafin Ishmawi yaro ke koyon cewa ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙanshi, kuma hadisi ingantacce ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ka ɗora a kan wannan, amma ka ƙara musu abin da ido ba ya gani. Ruwa yana iya zama garau, ya halatta a yi alwala da shi, alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko taifot. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Tafasawa ko sinadarin kulorin ke wannan aiki. Ka kuma warware musu sirrin tsargiya, don yaranmu da yawa sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙaramar katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ya zo wanka. Yaron da ya fahimci wannan zagaye ba sai ka bi shi da bulala ba, shi zai hana ƙaninsa.

Kada ka ce abin ya fi ƙarfin malamin aji. A 2021 kwalara ta zagaye ƙasar nan, waɗanda ake zaton sun kamu sun haura dubu 100, waɗanda suka rasu sun haura 3,000, kuma Arewa ce ta fi jin jiki. Wannan gaskiya ne. Amma ka tambayi tsofaffi labarin kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita fiye da dubu 600 a Najeriya, manomi ya kwanta damina guda tsutsa na fita ta ƙafarsa. Ba allura aka samo ba, ba ƙwaya ba. Koya wa mutane aka yi su tace ruwa da ƙyalle, mai ciwo kada ya shiga tafki, aka haƙa rijiyoyi, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna bin ƙauyuka da gwamnoni. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu kurkunu a ƙasar nan. Ɗalibanka yau ko sunanta ba su sani ba. Jigawa ma, da ba ta kai mu ruwa ba, a 2022 aka ayyana ta jiha ta farko da ta rabu da bahaya a fili.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Yaro zai koma gida da abin da ka koya masa, ya ga mahaifinsa yana zuba shara a kwata da zarar hadari ya haɗo. Ka koya masa yadda zai yi magana da ladabi, ba ya je ya kunyata iyayensa ba, in ba haka ba gobe uban zai zo maka da faɗa, darasin kuma ya mutu. Kuma kai kanka, ledar da ka sha ruwa a ciki, yara suna kallon inda za ka jefa ta.

Kada ka jira ranar 22 ga Maris ta ruwa ta duniya, a yi jawabi a raba lemo a watse. A cikin zangon nan, kafin ruwan farko ya sauka, ka nemi izinin hedimasta, ka sanar da iyaye, ka ɗauki ajinka ku je bakin Lamurde. In kuma makullin masai yana aljihunka kamar yadda ya kasance a nawa, ka buɗe wa yaran gobe da safe.