Ko Ɗaukaka Ƙara a Kan Diyya Butulci Ne?

Sau da yawa akan ji dattawa suna ce wa ma'aikacin da inji ya cinye wa yatsa, "Karɓi abin da aka ba ka, ka gode wa Allah, ƙaddara ce." Gaskiyarsu, raunin ƙaddara ne. Amma lissafin diyya fa? Wannan aikin ɗan Adam ne, da alƙalami da takardar likita, ɗan Adam kuwa ajizi ne. Likita ya duba hannu yau ya ce zai warke, bayan wata uku sai a ga jijiya ta sandare. Ashe hukuncin da aka gina a kan duban farko ya rasa tushe ke nan.

Mu da muka yi karatun allo mun san Sayyidina Umar ya gargaɗi alƙalinsa Abu Musa a wasiƙa, kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. To, in alƙali bai ji kunyar gyara ba, don me mai rauni zai ji kunyar roƙon a gyara?

A Nijeriya an fara dokar diyyar ma'aikata a 1941, aka sake ta a 1987, sa'an nan aka yi sabuwa a 2010. Bisa ga wannan ta ƙarshe, mai ma'aikata shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun NSITF, watau diyyar ba sadaka ba ce da za a ce an raina. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da kwana 180 ya rubuta wa hukumar asusun ta sake dubawa.

Nan ne abin yake dame ni. Wanda ya yi lissafin shi ake cewa ya binciki kansa, duk wanda ya taɓa riƙe littafin ofis kuwa ya san nauyin soke abin da hannunsa ya rubuta. Ina jin shi ya sa aka bar ƙofa ta biyu, watau Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Kwanakin nan 180 tun daga ranar yanke hukunci ake ƙirga su. Kai da ka fita daga ajin yaƙi da jahilci, in maƙwabcinka ya kawo maka irin wannan takarda, fara karanta masa kwanan watan da ke samanta.