Baki Shi Ke Yanka Wuya: Ko Iƙirari Ya Isa Hujja A Kan Jini?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce ta mutumin da aka tuhuma da kisan kai, ya buɗe baki a gaban hukuma ya ce shi ya yi, sa'an nan daga baya ya janye maganarsa. Galibin mutane in sun ji an ce wane ya amsa laifi, shi ke nan magana ta ƙare a wurinsu, domin a ganinsu ba mai hankalin da zai ɗora wa kansa jinin da bai zubar ba. Malaman fiƙihu ma sun ɗauki iƙirari hujja ce mai ƙarfi ƙwarai, amma sun gindaya masa sharuɗɗa, kuma za mu ga hikimar waɗannan sharuɗɗa a cikin wata shari'a da aka yi a Ingila, wadda aka shafe fiye da shekara 50 ana jayayya a kanta.

Ran 30 ga watan Nuwamba, 1949, wani direban mota mai suna Timothy Evans, ɗan shekara 25, wanda ko karatu bai iya sosai ba, ya shiga ofishin 'yan sanda a garin Merthyr Tydfil ya ce ya jefa gawar matarsa Beryl a ramin kwata da ke ƙofar gidan da suke haya a Landan, watau gida mai lamba 10 a Rillington Place. 'Yan sanda suka je, sai da mutum 3 suka haɗu kafin su ɗaga murfin ramin, ba su kuwa tarar da kome ba. Da aka faɗa masa haka sai ya sake magana, ya ce maƙwabcinsa John Christie ne ya yi wa matar alkawarin zubar mata da ciki, ta mutu a hannunsa, shi kuwa ya yi ƙaryar farko ne don ya rufa wa Christie asiri. Ran 2 ga Disamba aka sami gawar matar da ta 'yarsu Geraldine, mai wata 13, a ɗakin wanki na bayan gidan, dukansu an shaƙe su. A daren nan aka kawo Evans Landan, aka nuna masa tufafinsu, ya sa hannu a kan takarda cewa shi ya kashe su duka biyu. Ba a daɗe ba ya janye, ya koma kan cewa Christie ne.

A watan Janairu, 1950, aka yi shari'a a kan kisan yarinyar kaɗai. Babban mai ba da shaida a kansa kuwa shi ne Christie ɗin nan, wanda ya taɓa aikin ɗan sanda na wucin gadi a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya iya magana, ya san yadda ake tsayawa gaban alƙali. Mutanen nan 12 da ke taya alƙali yanke hukunci ba su wuce minti 40 suna shawara ba. Aka rataye Evans ran 9 ga Maris, 1950. Bayan shekara 3, a watan Maris na 1953, wani ɗan haya ya gano gawar mata 3 a wani lungu da aka toshe a ɗakin girkin Christie. Aka tono gawar matarsa Ethel a ƙarƙashin katakon daɓe, da ƙasusuwan waɗansu mata 2 a lambun gidan, waɗanda ya kashe tun kafin zuwan su Evans. Christie ya amsa cewa shi ya kashe Beryl, amma ya musanta kisan yarinyar. Shi ma aka rataye shi ran 15 ga Yuli, 1953.

Mai karatu zai zaci daga nan gaskiya ta bayyana, jayayya ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Binciken da gwamnati ta sa aka yi a 1953 ya ce Evans shi ya kashe duka biyu. Wani binciken da Alƙali Brabin ya gama a 1966 ya ce abin da ya fi rinjaye shi ne ya kashe matar amma bai kashe yarinyar ba, watau an rataye shi a kan laifin da ba nasa ba. A watan Oktoba na wannan shekara aka yi masa afuwa yana kabari. Sai a 2003 aka amince da biyan 'yan'uwansa diyya, a 2004 kuma wata babbar kotu ta bayyana cewa bai kashe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Masu ganin Evans da laifi suna da abin faɗi, adalci ne kuwa a saurare su. Sun ce ba wanda ya kira shi, shi ya kai kansa. Ya yi wa danginsa ƙarya a kan inda matarsa take, ya sayar da kayan ɗaki ya bar gari. Kuma iƙirarin Christie shi ma abin tuhuma ne, tun da yake a lokacin yana neman a ɗauke shi mahaukaci, yawan gawa kuwa yana taimaka wa wannan da'awa. Masu wanke shi kuma suka ce ƙaryarsa ta farko ita kanta ta nuna bai san inda gawar take ba, gama da ya sani da bai aika 'yan sanda ramin da mutum ɗaya ba ya iya buɗewa ba. Suka ce kalmomin da ke cikin takardar iƙirarin sun fi kama da na 'yan sanda fiye da na mutumin da bai yi karatu ba, kuma an ɗauke ta ne da dare, a sa'ar da ya sami labarin 'yarsa ta mutu. Sa'an nan suka tambaya, yaya za a yi masu shaƙe mutane biyu su haɗu a ƙaramin gida guda, ba tare da ɗaya ya san da aikin ɗaya ba?

Ga mutum biyu, kowanne ya amsa kisan mace guda, dole kuwa ɗayansu ƙarya ya yi wa kansa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zaton nan na cewa mai hankali ba ya ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Shari'ar Musulunci ta san wannan tun da daɗewa. Malamai sun ce iƙirari labari ne mutum ke bayarwa a kan kansa, labari kuwa yana ɗaukar gaskiya yana ɗaukar ƙarya. Abin da ya rinjayar da gefen gaskiya shi ne al'adar ɗan Adam ta ƙin cutar da kansa. To, duk sa'ad da aka sami wani abu da ya fi wannan al'ada ƙarfi a zuciyar mai magana, kamar tsoro ko fid da rai ko son kare wani, sai rinjayen ya faɗi. Saboda haka suka sharɗanta hankali, da balaga, da zaɓin kai. Allah Maɗaukaki a Suratun Nahli, aya ta 106, Ya ɗauke laifi daga wanda aka tilasta wa furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa tana natse da imani, malaman tafsiri kuwa sun ce a kan Ammaru ɗan Yasir ta sauka. In dai tilas ta sa kalmar kafirci ta zama ba ta da hukunci, ta yaya kalmar "ni na kashe" za ta tsaya da ƙafarta a ƙarƙashin tilas? An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ba a amincewa da abin da mutum ya faɗa a kan kansa in an bar shi da yunwa, ko an ɗaure shi, ko an doke shi.

Ko wanda ya zo da ƙafarsa ma ba a gaggauta karɓar maganarsa. Sa'ad da Ma'izu ɗan Malik ya zo yana neman a tsarkake shi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi ta mai da shi har sau 4, ya tambaya ko yana da taɓin hankali, ya tambaya ko ya sha giya, har wani ya tashi ya shinshina bakinsa. A hadisin mata biyu da suka yi jayayya a kan jariri kuma, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ƙaramar ta ce ɗan na babbar ne don kada a tsaga shi, Annabi Sulaimanu kuwa ya ba ta ɗan duk da furucinta, domin ya gane tausayi ne ya yi magana da bakinta.

Ibnul Ƙayyim a littafinsa Aɗɗuruƙul Hukmiyya ya kawo wani labari na zamanin Sayyidina Ali wanda ya yi kama da na Evans ƙwarai. An kama wani mutum a kango riƙe da wuƙa duk jini, ga gawa a gabansa. Ya amsa cewa shi ya yi. Ana shirin kashe shi sai wani ya sheƙo ya ce shi ne mai laifin. Da aka tambayi na farko dalili, sai ya ce shi mahauci ne, ya yanka saniya, fitsari ya matse shi ya shiga kangon da wuƙarsa, ya tarar da gawar, ya tsaya cikin firgita aka kama shi, ya ga ba mai gaskata shi a kan abin da idon mutane ya gani, sai ya amsa ya bar wa Allah. Ba wanda ya taɓa jikin mahaucin nan, fid da rai kaɗai ya ishe shi. Kama da wane ba wane ba ne.

Amma akwai wuri mai wuya da bai kamata a ɓoye ba. Janye iƙirari ana karɓarsa a haddin da yake haƙƙin Allah ne, kamar zina da shan giya. Ƙisasi kuwa haƙƙin magada ne, malamai sun ce wanda ya amsa kisa da zaɓinsa ba ya kuɓuta don kawai ya janye, in ba haka ba da kowane mai kisa ya amsa da safe ya musanta da yamma. Saboda haka tambayar da ke gaban alƙali ita ce, tun farko da zaɓinsa ya yi maganar? A nan mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muktasar na Shaihu Halil, ya tsananta ainun: iƙirarin da aka samu ta hanyar tilas ba ya tabbatar da laifi, ko da mutumin ya fito da kayan satar, ko ya nuna wanda aka kashe, sai in ya sake amsawa bayan ya sami aminci. Dalili shi ne sanin inda gawa take bai zama kisa ba. Gaskiya ne Sahnunu ya sauƙaƙa a kan wanda ya riga ya shahara da ɓarna, waɗansu alƙalai kuma sun bi shi. Sai dai Imam Gazali ya ƙi yarda da dukan wanda ake tuhuma, yana ganin kuɓutar mai laifi ta fi sauƙi a kan azabtar da marar laifi. Shari'ar Evans ma ta nuna raunin dogara da shahara, domin shi aka sani da ƙarya da faɗa da matarsa, Christie kuwa ana masa kallon dattijo.

Wani zai ce, in aka tsananta haka ai jinin mutane zai tafi a banza, magada su rasa haƙƙinsu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, domin ƙisasi rayuwa ce ga al'umma kamar yadda Alƙur'ani ya bayyana. Amma a duba abin da ya biyo bayan rataye Evans. Da aka sami mai amsawa sai aka rufe bincike, Christie ya koma gida da mutuncinsa, ya kashe mata 4 a tsakanin Disamba 1952 da Maris 1953. Ashe karɓar iƙirarin ƙarya zalunci uku ne a haɗe: an kashe marar laifi, an yaudari magada, an kuma sakar wa jama'a mai laifin. Shari'a kuwa ta buɗe wata ƙofa don kada jini ya tafi a banza. Sa'ad da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Haibara, ba shaida, danginsa kuma suka ƙi rantsuwa a kan abin da ba su gani ba, Manzon Allah bai kama kowa da zato ba, sai ya biya diyyar raƙumi 100 daga wajensa.

Ba Ingila kaɗai ba ce. A Japan an kama Iwao Hakamada a 1966, aka yi ta yi masa tambayoyi kusan kwana 20 har ya amsa kisan mutum 4, ya janye a kotu, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968. An sake shi a 2014, aka wanke shi a watan Satumba na 2024 yana da shekara 88. Bambancinsa da Evans shi ne an tarar da shi da rai. Ita Ingila, shari'ar Evans tana cikin abin da ya sa ta dakatar da hukuncin kisa a kan kisan kai a 1965, ta soke shi a 1969. Mu ba nan darasinmu ya nufa ba, gama ƙisasi hukuncin Allah ne. Darasinmu shi ne hukuncin da ba a iya warware shi bayan an zartar yana bukatar hujjar da ba ta da ƙofar shakka. A Nijeriya ma dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar zalunci, dokar 2017 kuma ta haramta azabtarwa, saura aiki da su.

Saboda haka wajibi ne alƙali ya tambayi yadda aka sami iƙirari, da wurin, da lokacin, da wanda ya halarta, ya kuma auna shi da sauran alamu, ya ga ko mai maganar ya faɗi wani abu da ba mai iya saninsa sai wanda ya aikata, wanda kuma ba masu bincike suka sa masa a baki ba. Ɗan sanda ya sani wanda ya matsa wa bawan Allah har ya amsa abin da bai yi ba yana da kaso a jininsa. Mu kuma sauran jama'a mu kame harshenmu, kada don mun ji an ce wane ya amsa mu yanke masa hukunci a majalisa da kasuwa. Ko ya yi ko bai yi ba, wannan Allah Ya bar wa kanSa sani har ranar da gaɓoɓi za su yi shaida. Abin da aka ɗora mana shi ne mu tambaya ko an tabbatar, in kuwa ba a tabbatar ba, kuskure wajen saki ya fi sauƙi a gaban Allah a kan kuskure wajen kisa.

Allah Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsai da adalci, Ya tsare mu da ɗaukar alhakin jinin wani. Allah ne Mafi sani.