Bakwaini: nauyin wa ne?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, ga wata tambaya da ya kamata mu tattauna a zaure. In aka haifi bakwaini a ƙauye, ungozoma ta ce a kai shi asibiti maza-maza, wa ya kamata ya biya kuɗin mota?

Bakwaini shi ne jaririn da ya zo kafin lokacinsa. Likitoci sun ce duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, bakwaini ne. A duniya, wajen jariri 1 cikin 10 haka yake zuwa. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi, numfashinsa ba ƙarfi, wani ma bai iya kama nono ba. Sanyin dare ɗaya yana iya kashe shi.

Wasu su ce: rai na Allah ne, in yana da kwana zai rayu. Gaskiya ne. Amma ruwan sama ma na Allah ne, duk da haka ba mu fasa shuka ba. Hausawa sun ce: Allah ya ce tashi in taimake ka.

Wasu kuma su ce: in mai gida ya sayar da akuyarsa ko irin shukarsa, jaririn kuma ya rasu, sauran yara me za su ci? Wannan magana tana da nauyi, kada mu raina ta. Mutumin nan ba marar tausayi ba ne. An sa shi ya zaɓa tsakanin ƴaƴansa, don an bar shi shi kaɗai.

A shekara ta 2006 gwamnatin Nijar ta kafa doka a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma dokar ba ta biya man mota, ba ta ciyar da mai jinya. Bakwaini kuwa yakan daɗe kwance a Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, mako biyu ko fiye. In damina ce, gona ma tana jira.

To, ni a ganina, nauyin na gari ne baki ɗaya. Dalili kuwa, ba wanda ya san gidan da bakwaini zai sauka. Abin da ke iya samun kowa, kowa ya kamata ya yi masa tanadi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tanadin ba shi da wuya. Da kaka, kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta hatsi ko dala 20 duk wata. A zaɓi amintattu, mace da namiji, su riƙe asusun. Wanda ya koyi karatu ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta gaban mai gari. A shirya da mai mota ko mai amalanke tun da wuri, a yanke kuɗi. Haƙƙinsa ne a biya shi, amma ƙara kuɗi don ya ga mutum cikin matsi, zalunci ne. Samari kuma su yi wa mai jinya gayya a gonarsa.

Saura tambaya guda: gidan da bai zuba ba fa? A kai jaririn tukuna. Ba shi ne ya ƙi zubawa ba. In an dawo, sai a zauna da ubansa, ya biya sannu a hankali.

A hanya kuma, akwai taimakon da ba a saye da kuɗi. Kada a yi wa bakwaini wanka. A share jikinsa, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane. Likitocin ƙasar Kolombiya ne suka soma wannan dabara a 1978. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a soma ta da zarar an haihu. In uwa ta gaji, uba ko kaka su karɓa.

Ƴan'uwa, ku kai wannan magana zaure kafin kaka ta wuce. Ranar haihuwa ba ranar neman rance ba ce. Allah ya raya mana ƴaƴanmu, amin.