Hanzarin Maryamu da jinkirinmu

Bahaushe ba ya yabon sauri. Tun muna yara ake faɗa mana gaggawa aikin Shaiɗan ce, sannu kuma ba ta hana zuwa. Shi ya sa duk watan Disamba, idan aka karanta sura ta farko ta Linjilar Luka a majami'a, wani abu yakan tsaya mini a rai. Mala'ika Jibra'ilu ya yi wa Maryamu albishir, ya kuma shaida mata cewa ƴar'uwarta Alisabatu, tsohuwar da aka fid da rai da haihuwarta, tana da cikin wata shida. Maryamu ba ta jira a aiko mata ba. Ta tashi da hanzari daga Nazarat zuwa tuddan Yahudiya, tafiyar da ta haura kilomita 100, ta zauna can kusan wata uku. Duk wadda ta taɓa kula da mai tsohon ciki ta san abin da ke cikin watannin nan: ɗiban ruwa, niƙa, girki, tashin dare.

Shin wannan ne saurin da iyayenmu suka hore mu a kansa? Kalmar Girkanci da Luka ya sa wa tafiyar Maryamu, ita ce Markus ya sa a sura ta 6, inda ɗiyar Hirudiya ta ruga wurin sarki neman kan Yahaya Mai Baftisma. Ashe ba a ƙafa laifin yake ba, sai a abin da ya tayar da ita. Yarinyar can ƙullin uwarta take sauri ta cika kafin sarki ya sake shawara. Maryamu kuwa lokacin wata take bi, domin cikin Alisabatu ba zai dakata sai ta kintsa ba.

Na san wannan ne ta hanyar da ba ta da daɗin faɗa. Shekarun baya, saura kwana biyar Kirsimeti, aka kira ni daga ƙauyenmu, arewa da Tsibiri, cewa tari ya kayar da gwaggona wadda ta goye ni, ga hunturu ya yi tsanani. Na yi lissafi irin na malami: takardun ɗalibai ban gama dubawa ba, ɗinkin yara na wurin tela, mawaƙan majami'a na bita kowace yamma kuma ni ke jan su. Na aika jika goma, na ce ina tafe bayan salla. Ran 27 ga wata na isa. Na tarar wata maƙwabciyarta, Musulma, ta ɗora ta a amalanken shanu ta kai ta gidan likita tun daren da numfashi ya gagare ta. Kuɗina na nan ƙulle a bakin zanenta, ba a taɓa ba. Da ta gan ni sai ta ce: "Ɗana, ka sha hanya. Yara sun samu kayan salla kuwa?"

Wannan tambayar ta fi mini zagi zafi, don ta nuna mini dalilin jinkirina. Tela ba zai yafe mini ba, shugaban makaranta ma haka. Gwaggo ce kaɗai na tabbata za ta yafe, saboda haka ita na tura ƙarshen layi. Haƙurin na kusa da mu muke ci bashi mu biya hidimar biki, bikin haihuwar wanda muke cewa ya zo ne domin ya yi wa mutane hidima.

Wani zai ce ai Yesu ma ya ƙara kwana biyu bayan ya ji ciwon Li'azaru, kamar yadda Yohanna ya ba da labari a sura ta 11. Gaskiya ne. Amma shi ya yi jinkiri yana da ikon kiran mamaci daga kabari. Ni da na iske gwaggo a kwance ƙarƙashin ƙasa, iyakata in zauna a tabarma in karɓi gaisuwa.

Ta ƙara shekara uku a duniya bayan wannan ciwo. Kowace Kirsimeti cikinsu a ɗakinta na yi, mawaƙa kuma suka samu wani ya ja su, waƙa ba ta fasa ba. Maƙwabciyar tana nan da rai. Har yau idan na gaishe ta, ba na iya haɗa ido da ita.