Kamfani Ba Zai Tsaya Gaban Shari'ar Allah Ba



A shekarar 2010 Kotun Ƙoli ta Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke hukunci cewa kamfani yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, saboda haka ba za a ƙayyade kuɗin da zai kashe wajen tallata ra'ayinsa lokacin zaɓe ba. A 2017 kuma majalisar ƙasar ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 cikin ɗari zuwa 21. Masu goyon baya suka ce idan an sassauta wa masu jari za su buɗe masana'antu, talaka ya sami aiki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, Ikkilisiya ma ba ta gāba da ciniki. Paparoma Leo na 13, cikin wasiƙarsa Rerum Novarum ta 1891, ya kāre hakkin mutum na mallakar dukiya.

Amma fa ba a halicci kamfani cikin surar Allah ba. Takarda ce aka sa wa hannu. Ba ya jin yunwa, ba ya karɓar baftisma, ba ya durƙusawa ya furta zunubansa. Masu amsa tambaya a ranar ƙarshe su ne shugabanninsa da masu hannun jarinsa, kowa da sunansa.

Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya koyar a 1987 cewa kowace dukiya tana ɗauke da bashin jama'a. Hanyar da motocin attajiri ke bi, da makarantar da ta horar da ma'aikatansa, gumin talakawa ne ya gina su. Shi ya sa bishop-bishop na Amurka suka rubuta a 1986 cewa a ɗora haraji gwargwadon ƙarfin mutum, mai yawa ya biya kaso mafi girma.

Maganar ta iso ƙofarmu. Dokar haraji da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2025 ta ɗauke nauyin daga kan wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Saura ku, 'yan'uwa masu hali. Akwai mai littafin lissafi biyu, ɗaya na gwamnati ɗaya nasa, ranar Lahadi kuma ya kawo baikon godiya gaban bagade. Kada ya ce jami'ai za su cinye kuɗin. Su ma akwai ranarsu. Ya buɗe Luka sura 19 a wannan mako, ya duba abin da Zakka na Yariko ya yi da dukiyarsa ranar da Yesu ya sauka a gidansa.