Idan Kifi Ya Rasa Maɓuya

A tafkin Texoma da ke kan iyakar jihohin Texas da Oklahoma a Amurka, da hunturu kifin nan mai zane-zane a jiki, striped bass, kan taru garke-garke a zurfi yana bin ƙananan kifayen da sanyi ya kashe wa jiki. Asalinsa kifin teku ne, mutane suka zuba shi a tafkin tun 1965. Wasu masunta kan bi shi da kayak, ɗan kwalekwale mai ɗaukar mutum ɗaya, a ruwan da in ya kife da kai, cikin 'yan mintoci hannunka zai kasa riƙe komai.

A da, tsuntsaye ke nuna musu inda garken yake. Tun 2018 da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, mutum na zaune yana kallon kifin a allo, har lokacin da ya juyo wajen ƙugiya.

Mu masu rubuta manhaja muna alfahari da rage wa mutane wahala. To, wannan fa? Mai neman abincin iyalinsa, ba wanda zai ga laifinsa. Amma wanda ya fito nishaɗi, wasu ma sakin kifin suke yi, me ya halatta masa huda bakin dabba, in ba don ita ma tana da damar kuɓuta ba? Zurfi da duhun ruwa ne kariyarta, su kuma muka yaye.

Masu na'urar za su ce ganin kifi daban, sa shi ya ci daban. Haka ne. Sai dai kifin da ya ƙi ci yau, gobe ma allon zai nuna inda ya koma.