Tsakanin Mai Ba Da Dariya Da Masu Tsine Masa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam harshe Ya kuma ba shi hankalin da zai riƙe linzaminsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, jama'a masu karatu, a wannan mako filinmu zai duba wata fitina wadda ta shigo mana ta cikin aljihu. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Funtuwa, ko tashar mota a Malumfashi, ko wata majalisa a Bakori da Ɗanja da Ƙafur, musamman da kaka in an sayar da masara da waken suya kuɗi sun shiga hannu, zai ga samari sun haɗa kai a kan waya guda suna ƙyalƙyala dariya. Abin da suke kallo kuwa shi ne gajerun wasannin barkwanci na TikTok da Facebook. Ba a kwana biyu sai ka ji an ce wani daga cikin masu wasan ya wuce gona da iri, ya taɓa malami, ko wata ƙabila, ko wani abu na addini. Nan take sai tsinuwa da ashar su ɓarke, kowa yana tura wa ɗan'uwansa domin shi ma ya zo ya tsine. To, ƙungiyoyi biyu ke nan, mai ba'a da masu fushi, kuma kowannensu Musulunci ya sa masa iyaka.

RAHA BA HARAMUN BA CE

Da farko lalle ne mu kawar da wani zato, watau cewa addini ya hana dariya. Ko kusa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa, sai dai ya shaida musu cewa ko a cikin rahar ba ya faɗin kome sai gaskiya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wani mutum ya roƙe shi abin hawa, sai ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya yi mamakin abin da ɗan taguwa zai amfana masa, sai aka tuna masa cewa ai kowane raƙumi, kome girmansa, taguwa ce ta haife shi. An yi dariya, ba a yi ƙarya ba, ba a kuma ci mutuncin kowa ba.

Mu ma a ƙasar Hausa mun gaji raha kaka da kakanni. Akwai wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Katsinawa da Nufawa, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai da sunayen tuwo da fura, akwai tashe da yara ke yi in azumi ya kai goma. Mutanen Funtuwa kuwa ba sa bukatar a ba su labarin zambo da habaici, tun da marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a garinsu ya zauna. Amma a lura da abu guda. Ɗan kama a dandali yake wasansa, a gaban mutanen da suka san shi suka san ubansa. In ya zarme, dattijo ɗaya ya isa ya tsawata masa, in kuma kasuwa ta watse maganar ta watse tare da ita. Wasan yau kuwa ba ya watsewa. Ana iya yanke farkonsa da ƙarshensa, a kai tsakiyarsa garin da ba a san mai maganar ba, ba a san da wa yake wasa ba, a kuma tono shi bayan shekara biyar kamar jiya aka yi shi.

INDA RAHA KE ZAMA ZUNUBI

Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa illolin harshe guda 20, ya sa yawan wasa da izgili a cikinsu. In aka taƙaita abin da malamai suka faɗa, iyakokin uku ne.

Na farko, ƙarya. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah ya yi kakkausan gargaɗi da azaba ga wanda ke shirya ƙarya domin mutane su yi dariya, har ya maimaita gargaɗin. Saboda haka wanda ya laƙaba wa wani mutum sananne maganar da bai yi ba, ko ya haɗa hotonsa da abin da bai aikata ba, cewa wasa ne ba za ta fisshe shi ba.

Na biyu, wulaƙanta ɗan Adam. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 11, Allah Ya hana maza su yi wa maza izgili, Ya hana mata su yi wa mata, domin mai yiwuwa ne wanda ake yi wa ya fi mai yi daraja a wurinSa. A ayar kuma Ya hana aibata juna da jifa da miyagun laƙabi. Wata rana Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau itace, iska ta yaye tufarsa, waɗansu suka yi dariyar sirantakar ƙwaurinsa, sai Manzon Allah ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. To, a duba su wa ake yi wa dariya a wayoyinmu: mai i'ina, da makaho, da gurgu, da mai taɓin hankali, da bazawara, da baƙauye. Baƙauyen nan da ake kwaikwayon tafiyarsa da karin harshensa, shi ne ya sha rana ya noma tuwon da mai kwaikwayon ya ci kafin ya kunna waya.

A wannan yanki namu akwai ƙarin hatsari. Shekara da shekaru mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suna fama da 'yan bindiga, kuma a watan Agusta na 2025 an kashe masallata da dama suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. A ƙasar da zukata ke da irin wannan miki, barkwancin da ke nuna kowane Bafulatani ɗan ta'adda ne ya tashi daga wasan da muka gada, ya zama zuba wa wuta fetur. Wanda zai biya kuɗin wannan dariya shi ne makiyayin da bai ji ba bai gani ba, da 'yar fura da nonon da ta shigo kasuwa neman abin sawa a baka.

Na uku, wanda ya fi duka muni, shi ne izgili da Allah da ayoyinSa da ManzonSa. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, waɗansu mutane suka riƙa yi wa Manzon Allah da makarantan sahabbai ba'a. Da aka tuhume su sai suka ce hira ce kawai da wasa. Ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba suka sauka suna ƙin karɓar wannan uzuri. Wannan ƙofa a rufe take, babu mai buɗe ta da sunan neman mabiya.

FUSHI MA YANA DA IYAKA

Sa'an nan mu juyo ga ƙungiya ta biyu, wadda yawancinmu muke cikinta. Kishin addini da mutunci abin yabo ne, zuciyar da ba ta jin zafin saɓo kuwa matacciya ce. Amma ya kamata mai karatu ya san yadda waɗannan kafofi ke aiki. Na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa jama'a tana ƙidaya yawan waɗanda suka kalla, da waɗanda suka yi sharhi, da waɗanda suka tura. Ba ta bambanta mai yabo da mai tsinuwa. Ashe ke nan duk wanda ya tura wasan banza ga mutum ɗari yana cewa ku zo ku ga abin da wannan la'ananne ya yi, ya zama ɗan tallan mai wasan ba tare da lada ba. Waɗansu masu wasan ma sun gane haka, da gangan suke tsokana, domin zagi shi ne takin gonarsu.

Abin da Alƙur'ani ya koyar a aya ta 140 ta Suratun Nisa'i shi ne in an ji ana izgili da ayoyin Allah a tashi a bar wurin. Bai ce a ɗauki izgilin a bi gida gida da shi ba. A ƙissar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, Suratun Nuri ta zargi waɗanda suka riƙa karɓar maganar daga baki zuwa baki ba tare da sani ba, suna ɗaukarta abu mai sauƙi alhali kuwa babba ce a wurin Allah. Waɗanda aka yi wa bulala 80 a kan wannan magana har da Misɗahu, wanda ya halarci yaƙin Badar. Ba shi ya ƙirƙira ba, maimaitawa ya yi. Aya ta 6 ta Hujurati kuma ta umurce mu da bincike in labari ya zo, domin kada mu cuci waɗansu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Mutum nawa ne daga cikin masu tsinuwa suka ga wasan daga farko har ƙarshe, ko suka tabbatar da wanda ya yi shi da lokacin da aka yi shi?

Tarihi ya ishe mu wa'azi. A watan Maris na 1987 magana ce aka yi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafancan, amma cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1991 wani rubutu da mujallar nishaɗi ta Fun Times ta buga ya jawo aka ƙone kofenta a ofishin Daily Times na Katsina, daga nan rikici ya kai ga arangama da 'yan sanda da kame-kame a zamanin Gwamna Kanar John Madaki. A Nuwamba na 2002 wata magana ta ganganci a jaridar ThisDay ta zama sanadin mutuwar mutum fiye da 200 a Kaduna. A Janairu na 2015 masu zanen ɓatanci na Charlie Hebdo suna Faransa, amma mutum 10 da suka mutu a zanga-zangar Damagaram da Yamai 'yan Nijar ne, kuma majami'un da aka ƙone na maƙwabta ne waɗanda ba su zana kome ba. Uku na farkon nan sun faru ne tun kafin waya mai intanet ta shiga hannun kowa. Mutanen Bisije, da suka tashi kusa da injin gurzar auduga, sun san abin da tartsatsi ɗaya ke yi wa tarin auduga. Allah kuwa Ya gargaɗe mu a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kada ƙin waɗansu mutane ya sa mu bar adalci.

Ga wata ƙissa daga Buhari wadda ta dace da mu ƙwarai. Akwai wani sahabi mai suna Abdullahi wanda yakan ba Manzon Allah dariya, amma an jarrabe shi da shan giya, an kuma yi masa bulala ba sau ɗaya ba. Wata rana da aka sake kawo shi, sai wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi. Manzon Allah ya hana tsinuwar, ya kuma shaida cewa mutumin yana ƙaunar Allah da ManzonSa. A duba wannan ma'auni: ba a yafe hukunci don yana ba da dariya ba, ba a kuma yarda a kore shi daga rahamar Allah don ya yi laifi ba. Mu kuwa yau sai mu zagi mai laifi, mu zagi uwarsa da ubansa da garinsu, mu watsa hoton matarsa, sa'an nan mu tafi masallaci muna ganin mun yi jihadi. Alhali Muslim ya ruwaito cewa matsiyacin gaskiya shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan ya yi wa wancan ƙazafi, a yi ta kwasar ladansa ana biyansu har ya ƙare.

ABIN DA YA KAMATA

Hukunci aikin alƙali ne da hukuma, ba na taron jama'a ba. A Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda ɓata sunan gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje. Waɗansu sun yaba, waɗansu sun ce an tsananta. Abin da za mu ce shi ne, mutuncin talaka da na gwamna ɗaya ne a shari'a, don haka ƙofar da ta buɗe wa mai mulki ta buɗe wa makaho da bazawara, kuma kada a mai da dokar ɓata suna sandar rufe bakin mai faɗa wa shugabanni gaskiya.

Ga masu barkwanci, baiwa ce Allah Ya ba ku, ku yi ta a kan mai algus a buhun taki, da mai tauye mudu, da mai ɓoye hatsi, watau a kan hali ba a kan halitta ba. Ga masu kallo, in abin ƙi ya iso wayarka, ya mutu a hannunka. In ka san mai yin, ka same shi a keɓe, ko ka sami mahaifinsa ko limamin unguwarsu. In abin ya fi ƙarfin nasiha, ga hukuma nan. In kuma ya tuba ya nemi gafara, a karɓa, a daina tono. Iyaye da malaman Islamiyya su ma su sani, yaron da aka saya wa waya ba a koya masa ladabinta ba, an ba shi wuƙa ne babu kube.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani, amin.